Kai da Kawo: Tsokaci a kan Koyar da Fankishin da Mayarwarsa a Aljabarar Sakandare

1.0 Gabatarwa

Daga cikin darussan aljabara na babbar sakandare, da wuya a sami wanda ɗalibi zai iya cin makinsa ba tare da ya fahimce shi ba kamar darasin da Ingilishi ke kira "function", tare da ɗan'uwansa "inverse". Ana ba ɗalibi matakai uku ya haddace, ya bi su, amsa ta fito daidai, malami ya ba shi maki. Idan kuwa aka tambaye shi abin da amsar take nufi, ko aka ce ya gwada ta da lamba guda, sai ya yi shiru. Wannan tsokaci ya duba yadda aka saba gabatar da darasin a littattafai da kan allo, ya kuma nuna cewa aibinsa biyu ne: an sa dabara a gaban ma'ana, sannan an ɗora wa kalma ɗaya da alama ɗaya ma'anoni uku mabambanta. Daga nan za mu kawo abin da muke ganin Hausa za ta iya bayarwa wajen gyara.

Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwan rahoton manhajar Hausa da aljabara, alhali da Ingilishi ake koyar da ita, da shi kuma ake jarrabawa? Gaskiya ne. Manufar Ilimi ta Ƙasa, tun bugunta na farko a 1977, shekarun farko na firamare ta ware wa harshen uwa ko na muhalli. Manufar harshe da gwamnatin tarayya ta amince da ita a 2022 ta faɗaɗa wannan zuwa dukan shekaru shida na firamare, sannan a Nuwamban 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar da soke ta. Duk cikin waɗannan sauye-sauye, ba a taɓa ba Hausa matsayin harshen koyar da lissafin babbar sakandare ba. Sai dai duk wanda ya san ajin lissafi a ƙasar Hausa ya san cewa idan bayani ya cije, Hausa malami yake komawa. Ke nan akwai Hausar lissafi da ake amfani da ita kullum a baki, wadda ba wanda ya tsara ta. Ƙamus ɗin kalmomin kimiyya da lissafi da aka shirya cikin harsunan Nijeriya tara, har da Hausa, fiye da shekaru talatin da suka wuce, a matakin firamare ya tsaya. Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace, wanda aka buga a 1990, fannin harshe da adabi ya fuskanta. Malamin aljabara kuwa an bar shi ya ƙirƙiro kalma a tsaye a gaban allo, kuma kalmar da ta fara zuwa bakinsa ita ɗalibi zai tafi da ita gida.

2.0 Me Ake Nufi da Fankishin?

Fankishin ƙa'ida ce da ke ɗaukar kowane abu daga wani rukuni, ta haɗa shi da abu ɗaya tak a wani rukunin. Na farko za mu kira shi rukunin shiga, na biyu kuma rukunin fita. Sharuɗɗan biyu ne: kada a bar wani abu a rukunin shiga ba tare da abokin haɗi ba, kada kuma abu ɗaya ya sami abokan haɗi biyu. Alal misali, f(x) = 2x + 5 tana cewa: ɗauki lamba, ninka ta biyu, ƙara biyar. Idan 3 ta shiga, 11 za ta fita. Idan 10 ta shiga, 25 za ta fita.

Wannan ma'ana ba cikin dare ɗaya aka same ta ba. Kalmar aljabara ta samo asali ne daga sunan littafin da Muhammad bin Musa Alkhawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820, amma tunanin fankishin ya zo daga baya da nisa. Leibniz ne ya shigo da kalmar cikin lissafi a ƙarshen ƙarni na 17. Euler ya kawo rubutun f(x) a 1734. Sai a ƙarni na 19, musamman a aikin Dirichlet na 1837, aka karkata ga fahimtar cewa ba dole ne fankishin ya zama jimlar haruffa da lambobi ba, muddin kowace shiga tana da fita guda. Abin da ya ɗauki manyan masana fiye da ƙarni ɗaya kafin ya daidaita, shi ne muke taƙaitawa a layi biyu, mu wuce zuwa aikin gida.

Misalin da ba shi da ko harafi ɗaya zai fi nuna wannan. Kowane kwanan wata yana faɗawa a rana ɗaya tak daga ranakun mako. 1 ga Oktoba 1960 ranar Asabar ce, ba za ta kuma zama Asabar da Lahadi a lokaci guda ba. Saboda haka haɗa kwanan wata da ranar mako fankishin ne cikakke, ko da yake ba a rubuta shi da x da y ba. Ɗalibin da duk misalan da ya gani jimloli ne irin 2x + 5 zai tashi da zaton fankishin wani sabon suna ne na fomula.

Dangane da kalmar kanta, malami kan ɗauko ma'anar da ƙamus na yau da kullum ya bayar, ya ce "aiki" ko "amfani". Jimlar "y aikin x ne" ba ta gaya wa Bahaushe komai ba, "amfanin x" kuwa ya fi kai shi ga tunanin gona. Ra'ayinmu shi ne a bar kalmar aro a rubuta ta fankishin, kamar yadda aka bar logaridim. Kalmar aro a nan ƙwarya ce wofi, abin da malami ya zuba a ciki shi ɗalibi zai sha. Haɗarin yana ga kalmar gida da ta riga ta cika da wata ma'ana.

3.0 Dabarar Matakai Uku da Aibobinta

Duk fankishin yana kai lamba daga wani wuri zuwa wani. Tambayar da darasi na biyu ya ƙunsa ita ce: idan aka ba mu inda lambar ta isa, za mu iya sanin inda ta fito? Ƙa'idar da ke yin wannan aiki ita za mu kira mayarwa, kuma za mu kare zaɓin kalmar a sashe na 5.0. Ana rubuta mayarwar f da alamar f⁻¹.

Hanyar da aka saba bi ita ce: a rubuta y = 2x + 5, a musanya haruffa ya zama x = 2y + 5, sannan a fitar da y, a sami y = (x − 5)/2. Wajibi ne mu yi wa wannan dabara adalci. Tana da sauri, tana ba da amsa daidai a yawancin tambayoyin jarrabawa, tana kuma share fagen ganin cewa giraf ɗin f da na f⁻¹ hoton juna ne, kamar an kafa madubi a kan layin y = x. Malamin da ke da aji cike da ɗalibai da ɗan gajeren lokaci yana da uzurin son ta. Duk da haka muna da ƙorafi uku a kanta.

3.1 Musanyar Haruffa

Mataki na biyu, wato musanya x da y, al'adar rubutu ce da aka bi don x ya ci gaba da zama sunan lambar shiga. Ɗalibi kuwa yakan ɗauka shi ne zuciyar darasin. Aibin yana fitowa fili da zarar haruffa sun sami ma'ana. Ƙa'idar mayar da ma'aunin zafi na Salsiyos zuwa na Faranhait ita ce F = 9C/5 + 32. Ranar bazara da ma'auni ya nuna digiri 40 a Salsiyos, digiri 104 ke nan a Faranhait. Ɗalibin da ya bi dabara zai rubuta C = 9F/5 + 32 a matakinsa na biyu, kuma wannan jimla ƙarya ce tsagwaronta: tana cewa digiri 104 na Faranhait daidai yake da 219.2 na Salsiyos, zafin da ya ninka na tafasasshen ruwa biyu har da ƙari. Abin da ake bukata shi ne a bar kowane harafi da sunansa, a fitar da C, a sami C = 5(F − 32)/9. A sa 104, sai 40 ta dawo. Dabarar da ke tilasta wa ɗalibi rubuta abin da ba gaskiya ba a tsakiyar aikinsa tana koya masa cewa haruffan lissafi ba su da ma'ana, kuma wannan ɓarna tana bin sa har cikin ajin kimiyya.

Akwai hanyar da ta fi kusa da hankali. Wanda ya sa hula ya naɗa rawani a kanta, idan zai tuɓe, rawani zai fara warwarewa kafin ya cire hula. Abin da aka yi ƙarshe shi ake fara kwancewa. A f(x) = 2x + 5 an ninka biyu sannan aka ƙara biyar, saboda haka mayarwa za ta ɗebe biyar sannan ta raba biyu: 11 ta koma 6, 6 ta koma 3. Ɗalibin da ya saɓa tsari, ya fara rabawa kafin ɗebewa, zai sami 0.5 maimakon 3, kuma shi da kansa zai ga ya ɓace hanya. A nan ne ma'aunin gaskiya na darasin yake: a kai lamba, a dawo da ita, a ga ko ta koma mazauninta. Da alama ana rubuta shi f⁻¹(f(x)) = x. Wannan jimla ita ce ma'anar mayarwa, amma sau da yawa a ƙarshen babi ake samun ta, a matsayin abin tabbatarwa ga mai sauran lokaci.

Hanyar hula da rawani tana da iyaka, kuma ya kamata a faɗa. Idan x ya bayyana sau biyu, kamar a y = (x + 1)/(x − 2), babu jerin matakai a bayyane da za a bi da baya, dole a yi aikin aljabara har a sami x = (2y + 1)/(y − 1). Sai dai wannan aiki ba baƙo ba ne ga ɗalibi, domin shi ne darasin sauya jigon fomula da ya riga ya yi. A nan ma gwaji da lamba shi ne alƙali: 3 tana ba da 4, 4 kuma tana dawo da 3.

3.2 Shiru a kan Sharaɗi

Aibi na biyu ya fi na farko nauyi. Dabarar ba ta taɓa tambayar ko mayarwar tana nan ba, kullum ɗauka take tana nan. Mu koma ga misalin ranakun mako. Bahaushe yana laƙaba wa yaro sunan rana: Ladi, Talatu, Jummai, Ɗanjuma, Ɗan'asabe. Daga kwanan haihuwa za a iya sanin ranar ba tare da shakka ba. Amma idan aka ce mana sunan wata Jummai, iyakar abin da muka sani shi ne ranar Juma'a aka haife ta. Wace Juma'a? Akwai 52 ko 53 a kowace shekara. Hanyar zuwa ɗaya ce, hanyar komawa kuwa ta rarrabu. Ke nan fankishin yana da mayarwa ne kawai idan babu shiga biyu da suka yi tarayya a fita ɗaya.

A aljabara misalin da ya fi shahara shi ne f(x) = x². Lamba 3 da lamba −3 duka 9 suke bayarwa. Wanda ya bi matakai uku zai ƙare da y = ±√x, ya rubuta ta a matsayin amsa, alhali ta karya sharaɗi na biyu na fankishin, tun da 9 guda ta fitar da lambobi biyu. Maganin da masana suka yi shi ne taƙaita rukunin shiga ga sifili da abin da ke samansa, kuma a kan wannan yarjejeniya ce √9 take nufin 3 kaɗai. Haka abin yake a lissafin kusurwoyi. Sayin na digiri 30 rabi ne, sayin na digiri 150 ma rabi ne. Maɓallin sin⁻¹ na kalkuleta 30 kawai zai bayar, domin an taƙaita shi tsakanin −90 da 90. Ɗalibin da bai san da wannan taƙaitawa ba, idan kusurwar da ake nema a alwatika ta wuce digiri 90, zai karɓi amsar na'ura ya faɗi, bai kuma san inda ya yi tuntuɓe ba. Bayanin rukunin shiga da ake ganin ƙawa ce ta masana, a irin wannan wuri ake biyan kuɗin tsallake shi.

3.3 Darussan da Ba a Gabatar da Su ga Juna Ba

Aibi na uku na masu tsara manhaja ne fiye da marubuta littattafai. Kafin ɗalibi ya ga alamar f⁻¹, ya daɗe yana aikin mayarwa. A firamare ya koyi cewa ɗebewa tana rushe tarawa, rabawa tana rushe ninkawa. Daga baya ya haɗu da murabba'i da tushensa. A babbar sakandare ya buɗe teburin logaridim da na antilogaridim, ya ga logaridim na 100 shi ne 2, antilogaridim na 2 kuma 100 ne. Ya sauya jigon fomula, ya danna sin⁻¹ a kalkuleta. Waɗannan duka abu ɗaya ne da tufafi daban-daban, amma kowanne babinsa daban, zangonsa daban, ba kuma jimla ɗaya da ta haɗa su. Daɗin daɗawa, cikakken bayanin mayarwa ya fi zama a darasin zaɓi na lissafi mai zurfi, wanda ba kowa ke ɗauka ba. Sakamakon haka ɗalibai masu yawa suna amfani da tunanin shekara da shekaru, su bar makaranta ba wanda ya gaya musu sunansa.

4.0 Alama Ɗaya, Ma'anoni Uku

Yanzu mu zo ga abin da ya fi shafar harshe. Kalmar Ingilishi da muka ambata a farko tana ɗauke da abubuwa uku a lissafin sakandare. Ana kiran −5 da ita dangane da 5 a fagen tarawa. Ana kiran 1/5 da ita dangane da 5 a fagen ninkawa, ana kuma rubuta shi 5⁻¹. Sannan ana kiran f⁻¹ da ita. Bugu da ƙari, a darasin sauyawar adadi, inda y = k/x, da wannan kalma ake siffanta dangantakar, ɗalibi ya ƙara tabbatar wa kansa cewa ma'anarta "ɗaya bisa kaza".

Saboda haka idan ya rubuta cewa f⁻¹(x) daidai take da 1/f(x), ƙiyasi ya yi, kuma ƙiyasi mai tsari: an ce masa 5⁻¹ shi ne 1/5, x⁻¹ shi ne 1/x, me zai hana f⁻¹ ta zama 1/f? Lamba guda ta isa ta raba gardama. A misalinmu f⁻¹(11) ita ce 3, alhali 1/f(11) ita ce 1/27. Misalan farko da ake bayarwa ma suna taimaka wa ruɗanin. Idan f(x) = 2x, mayarwarta x/2 ce, wato an ninka da rabi. Ɗalibi ya ga 2 ta koma 1/2, sai ya kammala cewa komai kifawa ake yi, ya rubuta 1/(2x).

Alamar tana da tarihinta. John Herschel ne ya gabatar da ita a 1813, kuma hujjarsa mai kyau ce. Idan f² tana nufin a yi aikin f sau biyu a jere, f¹ sau ɗaya, to f⁰ tana nufin a bar lamba yadda take, f⁻¹ kuma a ja da baya taki ɗaya. Ƙaramar lambar da ke kafaɗar f tana ƙirga yawan maimaita aiki ne. Matsalar ita ce lissafin kusurwoyi ya riƙe wata al'ada dabam a gefe guda. A shafi ɗaya ɗalibi zai ga sin²x, mai nufin sayin a ninka shi da kansa, ya kuma ga sin⁻¹x, wadda ba ta nufin ɗaya bisa sayin. Ga digiri 30, sin² tana ba da 0.25, ɗaya bisa sayin yana ba da 2, sin⁻¹ na 0.5 kuwa kusurwa ce, digiri 30. Wuri ɗaya a kafaɗa, ƙa'idojin karatu biyu. Ba mu da ikon sauya alamar da duniya ta karɓa, amma muna da ikon faɗa wa ɗalibi a fili cewa rubutun ne ya saɓa wa kansa. Littafin da ya yi shiru a nan ya bar yaro yana zargin ƙwaƙwalwarsa a kan laifin da ba nasa ba.

Abin lura kuma shi ne, Ingilishi bai haɗa ukun a suna ɗaya a banza ba. Akwai zumunci na haƙiƙa a tsakaninsu: 5 + (−5) = 0, 5 × 1/5 = 1, f⁻¹(f(x)) = x. Kowanne yana soke aikin ɗan'uwansa, a koma inda babu sauyi. Wannan fahimta ce mai daraja, sai dai matsayinta ƙarshen tafiya. Wanda bai rarrabe abubuwa uku ba tukuna, ba zai amfana da jin cewa dangi ne ba.

5.0 Abin da Hausa ke da Shi

Kalmomin da suka fi saurin zuwa bakin malami su ne kishiya, akasi da juyi, kuma yakan yi amfani da ɗaya ga dukan ma'anonin uku, ya kwaso ruɗanin Ingilishi ya zuba cikin Hausa. Ba dole ba ne a yi haka. Littattafan lissafi na Larabci suna kiran 1/5 "maƙlub", wato abin da aka kifa, su kuma siffanta f⁻¹ da kalmar da ta fito daga "aks". Harshe yana iya rabawa inda wani ya haɗa.

Kishiya tana nuna abubuwa biyu masu fuskantar juna, kamar dogo da gajere. Ta dace da 5 da −5, waɗanda ke tsaye dama da hagu na sifili da tazara ɗaya. Ba ta dace da f⁻¹ ba, domin ɗalibin da aka ce wa ya nemo kishiyar 2x + 5 yana da hujjar rubuta −2x − 5. Akasi kuwa, ko da yake daga waccan kalma ta Larabci ta zo, a bakin Bahaushe ta ƙara ɗaukar ma'anar tangarɗa, kamar a "an sami akasi", ba ta kuma nuna komawa. Juyi ya yi faɗi da yawa: ana juya tuwo, ana juya mota, ana juyin mulki. Warwara ta kusa, amma ana cewa "warware lissafi" da nufin samo amsa, don haka za ta yi karo da wani aikin.

Muna ba da shawarar kalmomi uku. Kishiya ga −5. Kifawa ga 1/5, domin abin da ake yi wa 2/3 ya zama 3/2 shi ne abin da ake yi wa ƙwarya, sama ta koma ƙasa. Mayarwa ga f⁻¹, domin "mayar da" a Hausa ba ta cika sai abu ya koma inda ya fito. Wanda ya ari fartanya ya kai ta wani gida bai mayar ba. A cikin kalmar kanta akwai ma'aunin da muka ambata a 3.1, akwai kuma tambayar da ke 3.2: idan ba a san mai fartanya ba, wa za a mayar wa?

Nahawun Hausa ma yana ba malami wani kayan aiki. A rabon aikatau zuwa azuzuwa bakwai da F. W. Parsons ya yi a 1960, aji na shida, mai ƙarewa da wasalin -o, yana nuna motsi zuwa wajen mai magana: fita da fito, shiga da shigo, aika da aiko, kai da kawo. Yaro Bahaushe ya mallaki wannan bambanci tun kafin ya shiga makaranta. Malami zai iya cewa, "f ya kai 3 zuwa 11, wa zai dawo mana da ita?" ɗalibi kuma ya ji alƙiblar tambayar a cikin aikatau. Sai dai a kiyaye, wasalin -o alƙibla yake nunawa, ba kullum yake soke aiki ba: "sayo" ba ta rushe "saya". Shi ya sa muka bar kai da kawo a matsayin hanyar bayani, muka tsayar da mayarwa a matsayin keɓaɓɓiyar kalma.

6.0 Shawarwari

1. Masu tsara manhaja su matso da tunanin mayarwa cikin lissafin da kowane ɗalibi ke ɗauka, su kuma sa jimlar haɗi a ƙarshen babin tushen murabba'i, da na logaridim, da na sauya jigon fomula, da na kusurwoyi, mai nuna cewa aiki ɗaya ake yi.

2. A fara darasin da misalan da ba su da haruffa, kamar kwanan wata da ranar mako, ko ɗalibi da lambar jarrabawarsa, a tambayi wanne ne ake iya bi da baya kafin a rubuta kowace fomula.

3. A jinkirta musanyar x da y har zuwa lokacin zana giraf, a kuma bayyana ta a matsayin sauya suna.

4. Kowace amsa ta zo da gwajin lamba guda, a kai a dawo. A ba wannan gwaji maki a jarrabawar aji, domin abin da ba shi da maki ɗalibi ba ya yin sa.

5. A sa tambayoyin da amsarsu ita ce "ba shi da mayarwa", tare da neman dalili.

6. A karanta f⁻¹ da cewa "mayarwar f", 5⁻¹ kuma "kifawar biyar", don kunne ya raba abin da ido ya haɗa.

7. A yi hattara da misalan kasuwa. Canjin Naira zuwa Sefa da dawo da ita yana kama da mayarwa, amma farashin saye da na sayarwa sun bambanta, kuɗin ba ya komawa yadda ya fita. Misalin ya fi amfani wajen nuna abin da ya gaza zama mayarwa.

8. A kafa zama tsakanin malaman lissafi da masana harshe don faɗaɗa ƙamus ɗin kalmomin lissafi zuwa matakin sakandare, a gwada kalmomin a azuzuwa na yankuna daban-daban kafin a buga su, a kuma shigar da su cikin horon malamai a kwalejojin ilimi.

7.0 Kammalawa

Mun nuna cewa hanyar da aka saba bi tana samar da amsa, amma tana ɓoye ma'anar mayarwa da sharaɗin samuwarta, tana kuma barin ɗalibi shi kaɗai da alamar da ke da karatu biyu. Gyaran da muka kawo ba ya bukatar sabon littafi ko ƙarin sa'o'i. Yana bukatar sauya jerin abin da ake fara faɗa, da kuma kalmomi uku a inda ake amfani da ɗaya. Kishiya, kifawa da mayarwa shawara ce da ke jiran hukuncin aji. Idan malamai suka gwada su suka sami waɗanda suka fi su, a ɗauki nasu, muddin dai ba a sake mayar da ukun ƙarƙashin suna ɗaya ba.